Farin Faci a Kunnen Kwandasta

Litinin

Assalamu alaikum Kawu na kaina,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya ƙafar nan taka? Ya Inna da hawan jininta? Ni dai ƙalau nake, sai ƙiba da nake ta yi ba dalili. Kar ka yi wa rubutuna dariya, rabona da riƙe biro tun da na bar aji uku, yanzu haka yatsana ciwo yake. Kai ka ja. Kira goma sha ɗaya na yi maka jiya, na ƙirga, ko ɗaya ba ka ɗaga ba. Shi ya sa na nemi takarda, zan ba direban da ke kawo mana dusa daga wajenku, tunda duk sati yana hanya.

Kawu, ashe Kwandasta ta ji ciwo har sati uku ba wanda ya gaya min? Goɗiyar da na koyi taje gezarta ina tsaye a kan bokiti? Sai a sitatus ɗin Yaya na gani, ɗanka na cikinka, ya ɗora hoton kunnenta ya rubuta a ƙasa wai tsohuwa ta gama aiki, saura tsohon. Na kira shi na wanke shi tas. Shi ya ce min iska ce ta ɗauko kwanon rufi ya fere mata bayan kunnen hagu, fatar ta tafi gaba ɗaya, kuma wai ka ce in bai rufe ba zuwa ƙarshen wata za ka sa a yanke kunnen kowa ya huta. Har murna yake, wai daga nan sai ka ajiye amalanke ka zo garejinsa ka zauna a kujera kana gadin sifana.

Don Allah kar ka yanke.

Na nuna wa Likitarmu ta nan asibitin dabbobi hoton. Ta ja shi da yatsu biyu ta ƙura masa ido, ta ce ramin ya yi faɗi, ba zai rufe da kansa yadda ake so ba. In ma ya rufe, tabon zai janye kunnen ya nannaɗe ya ƙandare kamar busasshen ganye. Amma ta ce akwai dabara, sunanta dashen fata. Ana yanko 'yar fata daga jikin dokin shi kansa, a ƙirji inda take sako-sako, a ɗinke wajen, a shimfiɗa ta a kan ciwon ta kama, kamar yadda dashen tumatir yake kama ƙasa. Wallahi ba a waya na gani ba, na san abin da za ka fara cewa ke nan. Da idona na gani, sau biyu, ni ce ma mai riƙe tiren kayan aiki.

Eh, Kawu, na bar tsintsiya! Wata huɗu ke nan. Yanzu ni ke dafa almakasai, ni ke jera su, har safar hannu nake sawa. Rannan wani kare ya gan ni ya yi shiru, mai shi ya ce min sannu Likita, ban gyara masa ba.

Direba ya ce in ya sauke dusa motar komawa take wayam, haka ma in zai zo akwai wuri a baya, zai iya ɗauko ta. Ka ba ni amsa a hannunsa. Ka gaishe da Inna, ka ce ina nan ina kewar faɗanta.

Uwarka ta asibitin dabbobi

*

Alhamis

Wa'alaikumus salam Uwata,

Takardarki ta iso da tambarin man inji a gefe. Ƙafa da sauƙi. Innarki tana amsawa, ta ce ki rage zaƙi. Na yi murna da kika bar tsintsiya. Mai sunan mahaifiyata ba za ta tsufa tana shara ba.

Na karanta zancen dashen nan sau uku. Shekara arba'in da ɗaya ina tare da dawaki. Na ga an ɗinke, na ga an yanke, ban taɓa ganin an yi wa doki faci kamar tayar keke ba. Da wani ne ya faɗa min da na ce ya je ya sha magani.

Abin da zan rubuta yanzu, ki karanta ki yaga.

Ba ƙin ɗaga wayarki nake ba. Ba na jin ta. Shekara uku ke nan kunnuwana suna tafiya. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu sai an ɗaga murya sosai. A gida baki nake kallo ina gyaɗa kai, Innarki ta ɗauka miskilanci ne ya ƙaru da tsufa. A titi kuwa, da katako cike da amalanke, ba bakin da zan kalla. Kunnen Kwandasta nake kallo, na hagun, shi ne na ɓangaren motoci. In ƙaramar mota ce a bayanmu, sai ta ɗan karkata shi ta mayar. In babba ce, sai ta juya shi baya gaba ɗaya ta riƙe, ni kuma in ja ragama mu sauka gefe. Na taɓa gwada madubi, katako yana tare shi, rawar amalanke kuma ba ta barin a ga komai. Shekara uku ko fentin wani ban goga ba. 'Yan kasuwar katako cewa suke tsohon nan yana da ido a ƙeya.

Sati biyu da suka wuce na fita da ita da kunnen a ɗaure. Wata babbar motar yashi ta wuce mu, ban san da ita ba sai da iskarta ta cire min hula. Na sauka na zauna a bakin hanya. Tun ranar amalanke yana jingine.

Zancen yankewa na faɗa ne don ƙuda da wari, da ganin wuyar da take sha. Amma na san ranar da aka yanke kunnen nan, ranar na gama aiki. Kujerar Yayanki kuwa, in na zauna a kanta wata uku ba zan ƙara ba.

Saboda haka ga ta nan direba zai kawo ranar Asabar. Ba ta son a zo mata ta hagu yanzu. Ba ta shan ruwa a bokitin roba. Ki tambayi Likitarku abu ɗaya: ba rufewa nake nema ba, zai juya?

Kada Yayanki ya ji. Kada Innarki ta ji.

Kawunki

*

Laraba

Kawuna, ɗana na kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafa tana ƙara sauƙi. Na yaga takardar kamar yadda ka ce, amma sai da na shiga ɗakin ajiyar magani na sha kukana. Shekara uku, Kawu? Ni ina nan ina cewa ka fiye jan aji. Ka yafe min.

Ka yi haƙuri da shirun sati biyu, motar direba ce ta kwanta, kuma ban so in rubuto ba labari. To yanzu ga labari, gyara zama.

Kwandasta ta iso lafiya, ta sauko daga mota tana hura hanci kamar ita ta tuƙo. Ta gane ni fa! Ta tura kanta cikin hammatata kamar da. Na samo mata bokitin ƙarfe.

Ba a yi aikin nan da nan ba. Kwana goma muka yi muna gyara ciwon, don wani nama ya tsiro ya yi tudu, sai da Likita ta rage shi ya dawo daidai. Kullum safe da yamma ni ke wankewa da ruwan gishiri har ya zama ja mai kyau, ba wari ba mugunya. Na tambaye ta tambayarka. Ta ce naman da ke juya kunne yana can gindi, kwanon bai taɓa shi ba, in fata ta kama tabo bai ja ba, zai juya. In ta kama.

Jiya aka yi. An yi mata allura ta kwanta a kan katifa kamar jaririya. Likita ta yanko fata daga ƙirji, faɗin yatsu uku, tsawon ɗan yatsana na tsakiya da ɗan ƙari. Ta kankare kitsen bayanta da almakashi har ta yi siriri, ta ɗan tsattsaga ta don ruwa ya riƙa fita. Sai ga matsala. Dole gashi ya kwanta yadda na kunnen yake kwanciya, daga gindi zuwa tsini, in ba haka ba zai tsiro a birkice yana tara datti. Ta ja kibiya a kai tun farko, amma ruwan gishiri ya wanke ta, kuma an aske wajen ƙwal. Likita ta juya fatar nan, ta sake juyawa, ta ce wai ina sama ina ƙasa? Ni ban san lokacin da na ce a ba ni ba. Na bi ta da bayan hantsaki a hankali, ta nan yana sulɓi, ta can yana tirjewa, yadda ka koya min da buroshi. Na ce nan ne sama. Ta gwada da kanta, ta kalle ni ta saman tabarau, ta ce wa ya koya miki? Na ce Kawuna, shekararsa arba'in da ɗaya a aikin nan. Wallahi kaina sai da ya kusa taɓa fanka.

Ɗinki ashirin da huɗu, ni na miƙa zaren kowanne. Sannan aka naɗe tsohuwar ledar hoton ƙashi aka cusa cikin kunnen da auduga don ya tsaya cak, aka ɗaure da bandeji har wuya. In ka gan ta sai ka ce mai ciwon haƙori.

Yanzu saura abin da na yi ba da izininka ba. Ka san ƙirjinta ja ne da farin tambari a tsakiya. Likita ta so ta ɗebo daga jan don ya saje da kunnen, don duk masu doki haka suke so, kar a gane. Na ce a ɗebo daga farin. Ta ce ke kuwa lafiya? Ban faɗi sirrinka ba, na ce dai mai ita daga baya yake kallon kunnen ba daga gaba ba. Ta ce to. Ka duba, Kawu: ciwon a bayan kunne yake, yana kallonka kana kan amalanke. Muddin kana ganin fari, hanya lafiya. Fari ya ɓace, ta juya kunne ke nan. Ko hadari ya haɗu, ko ƙura ta tashi, za ka gani.

Kwana biyar ba za a buɗe ba, kuma in ta goga kunnen a bango sau ɗaya aikin ya tashi a banza. An ɗaure ta da igiya biyu, ni kuma ina zaune gabanta kan bokiti tun safe ina ba ta labarin mutanen unguwarmu. Wayata ma yau sau ashirin kacal na duba.

Uwarka

*

Talata

Uwata,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita ba.

Shekaranjiya Yayanki ya zo ya sa min wayarsa a gaban ido, a gaban Innarki da maƙwabta biyu. Hoton da kika ɗora ne. Na ga kunnen. Baƙi ƙirin, gefensa shuɗi, kamar naman da ya kwana uku a rana. A ƙasa kin rubuta a taya ku addu'a, da 'yan fuskokin nan masu hawaye.

Ba sai an fassara min ba. Na san mataccen nama in na gan shi. Na aika miki da goɗiya mai ciwo ɗaya, yanzu tana da biyu. In ruɓar nan ta gangara gindin kunne ta shiga kai, ba kunne zan rasa ba, ita zan rasa. Gara ta tsufa a turke da kunne ɗaya ina kallonta.

Zancen fari kuma. Na ba ki amanar magana, kika je kika ɗinka min tuta a kan dokina, don duk wanda ya gani ya tambaya, ni kuma in tsaya ina kame-kame. Da kin tambaye ni.

Kuma duk duniya ta ga kunnen kafin ni mai shi.

Ga takarda ta biyu a liƙe, ta Likitarku ce. Na rubuta mata ta yanke tun bai ci gaba ba, ta ɗinke, direba ya dawo min da ita. Ki miƙa mata yau. Ba na ganin laifin Likita, ta yi iyakar iliminta.

Na gaya wa Yayanki ya nemi mai sayen amalanke.

Kawunki

*

Litinin

Kawu,

Ina gaisuwa, in za ka amsa. Ya ƙafa, ya Inna. Laifina uku ne, bari in jera maka su da kaina kafin wani ya jera.

Na ɗaya hoton. Ranar da aka buɗe bandeji na ga baƙin nan. Likita ta danna gefensa da auduga ta ce a mayar a rufe, a ba shi lokaci, ta fita wajen wata saniya. Ni kuma hannuna ya riga hankalina. Ka san ni, ko ƙwai na fasa ya fito da gwaiduwa biyu sai na ɗora. Minti goma na cire, ashe Yaya ya riga ya adana. Ban kyauta ba.

Na biyu farin. Gaskiyarka, da na tambaye ka. Na ji tsoron kafin takarda ta je ta dawo an gama aiki. Amma ba tuta ba ce, Kawu. Kowa zai ga faci, kai kaɗai ka san aikinsa.

Na uku shi ne babba. Takardar Likita ban ba ta ranar ba. Na sa ta a aljihun rigar aikina, kwana huɗu tana nan tana ƙona ni. Kullum in an buɗe zan sa hancina dab da kunnen in shinshina, don kai ka taɓa ce min ruɓa ba ta ɓoye warinta. Ba wari. Na taɓa gindin kunnen, ba zafi ba kumburi. Tana cin dusarta har tana ture ni. Na ce a raina, ranar da na ji wari ko ɗis, da gudu zan kai takardar. Abinci ma kasa ci na yi, ƙibar nan duk ta zube, ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta.

Ranar Asabar ina jiƙa bandejin don ya saki, sai baƙin nan ya biyo audugar, ya ɗago kamar ɓawon albasa. Na ce shi ke nan, na kashe aiki. Na rufe ido. Sai na ji Likita ta ce ke buɗe idonki ki gani. Kawu! A ƙarƙashi fata ce, ruwan hoda, mai laushi, a manne ram. Ta danna da yatsa ta yi fari, ta saki jini ya dawo. Ashe saman ne kawai yake mutuwa ya zube, ƙasan ya riga ya sha jini ya kama. Wani ɗan lungu can wajen tsini, kamar farcen babban yatsa, shi bai kama ba, ta ce zai cike da kansa amma ba zai yi gashi ba. Na yi tsalle har na zubar da tire.

Nan na ciro takardarka na miƙa mata, duk ta yamutse. Ta karanta, ta duba ranar da ka rubuta, fuskarta ta canza. Ta ce takardar mai dabba ba taki ba ce. Ta ce da ta gani ranar, da ita ma ba za ta yanke ba sai ta rubuto maka ta yi bayani, amma wannan tsakaninta da kai ne, ba aikin aljihuna ba. Ta ce da kin yi kuskure fa, da ruɓa ce fa? Ta mayar da ni kan tsintsiya sati biyu, wayata kuma a durowarta take kwana tun safe har a tashi. Wankin kunnen Kwandasta kawai ta bar min, wai don ba ta yarda da hannun kowa, har ta kusa cizon mai gadi.

Ta ce in rubuta maka wannan daga bakinta: fata ta kama, amma doki naka ne, in har yanzu yankewa kake so ka sake rubutowa za ta saurare ka. Ko zai juya yadda kake so, ba za a sani ba sai an cire ledar nan, sati uku nan gaba.

Ni dai roƙona, ka ce wa Yaya ya dakata da amalanken nan. Ka yi fushi da ni yadda kake so, na ci.

Uwarka mai shara

*

Alhamis

Uwata,

Muna lafiya. Kada a yanke. Na ce wa mai sayen amalanke ya dawo wata mai zuwa. Likitarku ta yi daidai, ki riƙe tsintsiyar da kyau, har ƙarƙashin benci.

Kawunki

*

Lahadi

Assalamu alaikum Uwata,

Da fatan kina lafiya, ke da Likita da duk ma'aikata. Ƙafa ta warke. Innarki tana gaishe ki. Na ji direba ya ce kin koma kan tire, har an fara barinki ki cire zare. Madalla.

Na san kin ƙagu. Sati uku da dawowar Kwandasta ban rubuto ba, don ban so in faɗi abin da ban gwada ba. A turke na ga kunnen yana motsi in an buɗe ƙofa, amma turke ba titi ba ne. Gashin ya fito, fari fat, a kwance lafiya daga gindi zuwa sama, na bi shi da buroshi bai yi min gardama ba. Tsinin ya ɗan lanƙwasa kaɗan, ga ɗan sanƙon da kika faɗa. Ɗinkin ƙirji sai an nema.

Ranar Laraba na ɗaura mata amalanke. Yayanki ya ji labari ya bar gareji ya zo, ya ce ba zan fita ni kaɗai ba, shi zai zauna kusa da ni ya ga ƙarshen taurin kai. Na ce hau. Muka yi lodin katako ashirin muka hau babban titi.

Fari yana gabana. Ya ɗan karkata ya dawo, wata ƙaramar mota ta wuce. Ya sake, babur ya wuce. Yayanki yana ta magana, ina ganin bakinsa ta gefen ido, na san wa'azin kujera ne. Muna isa gangaren gada, inda hanya ta tsuke, sai fari ya ɓace. Ɗif, kuma bai dawo ba. Na ja ragama muka sauka gefe muka tsaya. Yayanki ya juyo yana tambayar me ya faru, bai rufe baki ba wata tirela ta sauko ta wuce, wai ko hon ba ta yi ba, iskarta ta kaɗa masa riga.

Ya daɗe yana kallon bayanta. Sannan ya matso dab da kunnena ya ce, Baba, ya aka yi ka ji, ni ban ji ba?

Na ce ban ji ba. Na ce shekara uku rabona da jin mota. Na nuna masa facin da bulala, na ce ka zuba ido nan. Muka hau hanya. Har muka kai wajen masu gini idonsa a kan kunnen, duk lokacin da fari ya motsa sai ya waiwaya ya ga abin da ke zuwa. Sau tara na ƙirga masa. Da muka sauke kaya ya je ya tsaya gaban Kwandasta yana shafa mata wuya, ya juya min baya, na bar shi.

Da yamma na gaya wa Innarki. Ta ce ta sani tun bara waccan, wai tun ranar da ta ce min tukunya ta kama wuta na ce mata amin. Jira take ta ga yaushe zan gaji.

Washegari Yayanki ya zo da akwatin kayan aikinsa, ya sauya min ƙafafun amalanke duka biyu, ya liƙa jan abin nan mai ƙyalli a baya. Ya ce zai kai ni a duba kunnen nawa, wai akwai na'urar da ake sawa. Na ce zan je. Zancen kujera bai sake tashi ba. Mai sayen amalanke ya dawo, Yayanki da kansa ya raka shi bakin ƙofa.

A kasuwar katako kuwa an hana ni sakat. Kowa sai ya zagayo ya leƙa. Mai awon katako ya rantse fenti ne, sai da ya lashi yatsa ya goga. Suna tambaya wane likita ne, daga wace ƙasa. Na ce Likita ce ta ɗinka, amma wadda ta gane sama da ƙasa, ta zaɓi farin, ta zauna kan bokiti tana gadi, 'yar ƙanwata ce, aji uku ta yi, ni na koya mata riƙe buroshi. Jiya na faɗa sau shida. Mai shayi ya ce in na ƙara zai fara kirana da Kawun Likita, na ce bismillah, dama ba ji zan yi ba.

Maganar da na rubuta miki ta tuta, na janye ta.

Ki gaishe da Likita da kyau, ki ce mai goɗiya ya gode. Zan tsaya nan, gobe lodi biyu ne da mu, na farkon ƙarfe bakwai.

Ɗanki,
Kawu